Gani da ji: sharhi bisa zancen «ƙofofin sani biyu» na hausawa

A shekarar 1991, wani masanin al'adu na ƙasar Kanada, David Howes, ya tattara rubuce-rubucen masana da dama cikin littafi guda mai suna *The Varieties of Sensory Experience*, aka buga shi a Toronto. Manufar littafin ita ce ya nuna cewa hanyoyin da ɗan adam ke bi yana sanin duniya, watau abin da faransanci ke kira *les sens*, mu kuwa za mu kira su ƙofofin sani cikin wannan takarda, ba halitta kaɗai ke tsara su ba: kowace al'umma da yadda take ƙirga su, da kuma wadda take fifitawa. Cikin littafin akwai babi na Ian Ritchie dangance da kalmomin ji da gani a ƙasar hausa. Abin da aka riƙe daga babin, aka yi ta maimaitawa cikin littattafan Howes da na Constance Classen da na waɗanda suka bi sawunsu, shi ne wannan: turawa suna ƙirga ƙofofi biyar, hausawa kuwa biyu suka sani, *gani* a gefe ɗaya, *ji* a ɗaya gefen, ya haɗa sauraro da shinshina da ɗanɗano da taɓi, har da abin da zuciya ke ji da fahimta.

Zancen ya yi farin jini, kuma dalilin a fili yake: gajere ne, yana da ban mamaki, yana kuma daɗaɗa wa mai son ya ji cewa Afirka tana da tata hanyar sani. Yau yana cikin misalan da ake ba ɗaliban ilimin al'adu a ƙasashen waje, yana kuma iya komowa gare mu cikin kundayen ɗalibanmu a matsayin abin da «masana suka tabbatar». Sabili da haka ya kamata mu auna shi da ma'aunin ilimin harsuna, tunda da harshe aka kafa hujjarsa.

Mu fara da abin da yake daidai. Ƙirgar biyar ba wahayi ba ce. Daga Aristot aka gaje ta, cikin littafinsa bisa rai, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Mabiya addinin Buda shida suke ƙirgawa, suna sa hankali cikin lissafi. Kathryn Geurts, cikin aikinta na 2002 bisa anlo-ewe na kudancin Gana, ta nuna irin matsayin da daidaiton jiki wajen tsayuwa da tafiya yake da shi gare su, abin da ƙirgar Aristot ta tsallake. Masu ilimin aikin jiki su ma sun daɗe da wuce biyar. Haka nan gaskiya ne cewa aikatau ɗin *ji* yana da faɗi, duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai gani:

(1) Na ji ƙarar mota.
(2) Na ji ƙanshin tuwo.
(3) Na ji ɗacin magani.
(4) Na ji ƙaya a ƙafata.
(5) Na ji kunya.
(6) Yana jin zabarmanci.

Har nan babu gardama. Inda muka rabu da Ritchie da masu ɗauko zancensa shi ne tsallen da aka yi daga «aikatau biyu» zuwa «ƙofofi biyu». Aikatau abu ne na ƙamus. Ƙirgar ƙofofin sani kuwa ra'ayi ne da mutane ke riƙe da shi, ko malamansu su koyar. In da yawan aikatau shi ke nuna yawan ƙofofi, da sai mu ce mutanen Italiya ma biyu gare su, tunda *sentire* nasu yana ɗaukar sauraro da shinshina da ɗanɗano da taɓi. Da sai mu ce bafaranshe bai bambanta hanci da fata ba, tunda *sentir* yake cewa ga ƙanshi da ga sanyi, kuma bai bambanta kunne da hankali ba, tunda daga *entendre* aka sami *entendement*. Ba wanda ya yi wa waɗannan al'ummu irin wannan hukunci, sabili da an san suna da malamai da littattafai da za su musanta. A nan gida kuwa, faɗin *ji* bai keɓanta ga hausa ba: *maa* na zabarmanci da *nan-* na fulatanci da *gbọ́* na yarabanci duk suna wuce kunne. Åke Viberg, wanda ya gwama harsuna 53 cikin wani bincike na farkon shekarun 1980, ya iske wannan tsari a sassan duniya da dama: gani yakan sami aikatau nasa shi kaɗai, sauran su yi tarayya. Ke nan abin da aka ɗauka hoton tunanin bahaushe ne, ɗabi'a ce da harsunan duniya masu yawa suka yi tarayya cikinta.

Viberg ya kawo wani bambanci wanda masu zancen ƙofofi biyu ba su yi aiki da shi ba, alhali shi kaɗai ya isa ya rage wa zancen ƙarfi. Akwai abin da ke samun mutum ba da nufinsa ba, akwai kuma abin da yake aikatawa da gangan. *Gani* da *ji* na kashin farko ne. In muka koma ga na biyu, hausa ta ware kowace ƙofa da nata aikatau: *duba, kalla, leƙa, hanga* ga ido, *saurara* ga kunne, *shinshina*, ko *sansana*, ko *sunsuna*, bisa ga karin harshe, ga hanci, *ɗanɗana* ga harshe, *taɓa, shafa, lalaba* ga hannu. Uwargida da ta ce wa ɗiyarta «ɗanɗana miyar nan» ba ta tsoron yarinyar ta kai kunne bakin tukunya.

Abin da *ji* yake nufi

Akwai wasu jimloli da kowane bahaushe ke faɗi yau da gobe, waɗanda zancen ƙofofi biyu ba ya iya yi musu bayani:

(7) Miya ta ji gishiri.
(8) Nama ya ji wuta.
(9) Riga ta ji shuni.
(10) Motar nan ta ji jiki.

Miya ba ta da kunne, ba ta da hanci, ba ta da zuciya. Ana iya cewa salon magana ne, an mutunta miya. Amma mai faɗin (7) ba azanci yake yi ba, labarin girki yake bayarwa, kuma jimlar ba ta da wani nauyin adabi a kunnen mai sauraro. A ganinmu waɗannan misalai su ke tona asalin ma'anar: *ji* shi ne abu ya shige ka, ya ratsa ka, ya bar alama. Sauti yana shiga kunne, ƙanshi yana shiga hanci, gishiri yana shiga miya, magana tana shiga yaro, in kuwa ba ta shige shi ba a ce «ba ya ji». Wanda ya faɗi bisa babur ya *ji ciwo*, ma'ana ya sami rauni, ko da a lokacin ya suma bai san abin da ake ciki ba. Ta wannan fuska *ji* ɗan'uwan *sha* ne, wanda Claude Gouffé ya yi nazari tare da *ci* tun 1966, Philip Jaggar da Malami Buba kuma suka sake dubawa a 2009: *shan wahala, shan kashi, shan rana*. *Gani* kuwa abin da ya kai gare shi yana nan a waje, da tazara tsakani. Ka gan shi, bai taɓa ka ba. Shi ya sa ake cewa gani ba ci ba. Saboda haka rabon da ke tsakanin aikatau biyun rabo ne tsakanin abin da ya tsaya nesa da abin da ya shigo jiki. Ba ƙirgar gaɓoɓi ba ce, kuma fassara *ji* da «ƙofa guda mai ayyuka da yawa» ya rufe wannan ma'ana maimakon ya bayyana ta.

Sa'an nan in *ji* bai faɗi ta wace hanya abin ya shigo ba, sunan da ke biye da shi yana faɗi, kuma yana faɗi dalla-dalla. A nan ne muke mamakin yadda aka kafa hukunci bisa hausa ba tare da an ba aikin F. W. Parsons na 1955 matsayinsa ba. Parsons ya gano wani rukunin sunaye masu siffanta abin da jiki ke riska, waɗanda sigarsu ɗaya ce: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, ƙarshensu dogon wasalin *-i*, karin sautinsu sama-sama. Su ne irin su *zafi, sanyi, zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, daɗi, nauyi, tauri, laushi, kaushi, santsi, kaifi, ƙarfi*. Nahawu ya san da su a matsayin dangi, tunda hanya guda suke bi su haifi sifa (*zazzafa, kakkaifa, daddaɗa*) da aikatau (*zafafa, kaifafa, daɗaɗa*). Paul Newman ya ware musu babi cikin babban nahawunsa na 2000.

Mu tsaya kaɗan bisa hanci. *Ƙanshi* da *wari* su ne manya. Ƙarƙashin wari akwai *ɗoyi* (*ɗwai* a bakin mutanen yamma) na abin da ya ruɓe, da *ƙarni* na jini ko ɗanyen kifi ko ɗanyen nama, da *ƙauri* na abin da ya ƙone, da *zarni* na fitsari. Kowace kalma a nan suna ce mai zaman kanta. Bafaranshe in zai faɗi *ƙauri* sai ya zagaya ya ce *odeur de brûlé*, in zai faɗi *ƙarni* sai ya ambaci kifin ko jinin. Asifa Majid da Niclas Burenhult sun yi suna a 2014 da suka nuna cewa jahai na ƙasar Maleziya suna da irin waɗannan kalmomi, suna kuma ambaton wari cikin sauƙin da suke ambaton launi. Ba mu ce hausa ta kai jahai ba, sai an gwada. Amma harshen da ya raba ƙarni da zarni, a ce masu shi sun narkar da hanci cikin kunne, wannan zance bai zauna ba.

Wani abin lura dangance da rukunin Parsons: bai bi layin *gani* da *ji* ba. *Faɗi* da *zurfi* da *kauri* suna cikinsa, alhali da ido aka fi sanin su. Launuka, *fari, baƙi, ja*, ba su ciki, sifofi ne. *Ƙara* da *amo* na kunne su ma ba su ciki. Ke nan in mutum ya nace sai ya karanto ra'ayin hausawa daga nahawu, aikatau zai ba shi rabo ɗaya, sunaye su ba shi wani dabam, amsa-kama (*fat, wur, ƙirin, zau*) su ba shi na uku. Wanne ne «tunanin bahaushe» cikinsu? Wanda mai bincike ya fara cin karo da shi, ga alama. Irin wannan ce ta faru ga zancen yawan kalmomin ƙanƙara a harsunan eskimo, wanda Laura Martin ta bi diddiginsa a 1986 ta iske kowane mai ɗauka yana ƙara wa adadin, Geoffrey Pullum kuma ya yi masa ba'a cikin wani littafi da ya fito a 1991, shekara ɗaya da na Howes.

(Bari mu ɗan ratse. Bahaushe yana cewa barkono yana da *zafi*, kamar yadda yake cewa ga wuta. A 1997 David Julius da abokan aikinsa sun gano cewa mashiga ɗaya ce cikin jijiyoyi ke karɓar yajin barkono da zafin wuta, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Mai son yabon gida zai ce hausa ta riga masana sani. Mai jin ingilishi ma kalma ɗaya yake amfani da ita ga duka biyun, kuma ba wanda ya ba shi kyauta.)

Ganau da jiyau

Tambayar da ta fi dacewa da taken hanyoyin sani ita ce: wace hanya ce mai magana yake dogara da ita in ya ce *na sani*? A nan ma an so a yi rabo biyu, Turai ta ido, Afirka ta kunne. Eve Sweetser ta nuna a 1990 cewa cikin harsunan indo-turai kalmomin sani sukan fito daga na gani: saiwa ɗaya ta ba da *videre* na latinanci da *oida* na girkanci da *wissen* na jamusanci. Nicholas Evans da David Wilkins suka amsa mata a 2000 da harsunan asali na Ostaraliya, inda sani da tunani da tunawa suke fitowa daga kunne. To ina hausa ta faɗa? Ko'ina. *Jin* harshe da *jin* magana na kunne ne. Amma *gane*, wanda shi ne kalmar yau da kullum ta fahimta, daga *gani* ya fito, haka ma *gano* da *ganar da*. Mai ba da ra'ayi *a ganina* yake cewa. Ba mu saba jin *a jina* ba. *Ina jin zai zo* zato ne mai rauni, mai shi ya bar wa kansa ƙofar fita. *Ina ganin zai zo* ya fi kusa da hukunci. Faransanci shi ma bai tsaya ga ido ba, *savoir* daga *sapere* na latinanci yake, mai ma'anar ɗanɗano.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne *ji* kansa ya rabu gida biyu ta fuskar ƙarfin hujja, kuma *gani* tsakaninsu yake zaune. Akwai jin kunne, abin da wani ya faɗa maka. Shi ne mafi rauni: daga gare shi aka sami *jita-jita*, shi ake yi wa alama da *wai* da *an ce* don mai magana ya zare hannunsa, shi ne kuma ake nufi in an ce gani ya kori ji. Mai ba da shaida gaban alƙali ko gaban mai gari, abin da ake fara son sani shi ne ganau ne ko jiyau. Akwai kuma jin jiki, abin da ya same ka kai kanka. Wannan gani ba ya korar sa. Wanda ya ga mai ciwon haƙori, da wanda haƙorin ke bakinsa, ba a tambaya wa ya fi sani. Jiki magayi, in ji masu magana, kuma jiki ya fi kunne ji. Karin maganar nan ta ƙarshe ita kaɗai ta isa shaida, sabili da ta ɗauki aikatau guda ta raba shi tsakanin gaɓoɓi biyu, ta kuma fifita ɗaya. Mutanen da ba su bambanta kunne da fata ba ba za su iya ƙaga ta ba.

Saboda haka jerin da muke gani cikin maganar yau da kullum hawa uku ne: abin da aka faɗa maka, sa'an nan abin da ka gani, sa'an nan abin da ya ratsa ka. Duk wanda ya haɗa na farko da na uku cikin buhu ɗaya don aikatau ɗinsu ɗaya ne, ya haɗa hujja mafi rauni da mafi ƙarfi. Akwai harsunan da suka mai da irin wannan jeri tilas cikin nahawu. A tuyuka, tsakanin Kolombiya da Barazil, bisa bayanin Janet Barnes na 1984, aikatau yana ɗauke da ɗaya daga alamu biyar: na gani, na riska ba da ido ba, na ga alama, an faɗa mini, na ɗauka haka ne. Hausa ba ta tilasta wannan ba. Tana da kayan aikin, *wai, ashe, da alama, da idona*, mai magana ya ɗauka in ya ga dama, kuma barin su ma magana ce.

Saura kalmar «hausawa» kanta. Waɗanne? Manomin Gobir da maharbi da ɗan lakol na Damagaram da malamin zaure ba ƙirga ɗaya suke yi ba, in ma suna yi. Kalmar da za a yi tambayar da ita babu ita cikin hausar kasuwa, shi ya sa muka ƙagi *ƙofofin sani* a farkon takardar nan. Wanda aka tambaya «*sens* nawa gare ka» ta bakin tafinta, amsar tafinta ce za a rubuta. Malamin zaure kuwa yana da kalmar, ta larabci, *hawas*, kuma biyar zai ce, sabili da ƙirgar Aristot ta iso ƙasar hausa ta hamada tun kafin ta iso ta teku. Al-Magili, wanda ya bi ta Ayar ya zauna Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu bisa manɗiƙi, har ya yi jayayya da Suyuɗi wanda ke ganin haramcin wannan fanni. Abdurrahman al-Ahdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda kowane almajiri ya san ɗan littafinsa na fiƙihu da sunan *Ahalari*, shi ne kuma mai *Sullam*, wanda ake fara karatun manɗiƙi da shi. A can an jera abubuwa shida da ake gina tabbatacciyar hujja bisansu, masu sharhi kuma sun ware abin da aka riska da gaɓoɓin waje, kamar ƙunar wuta, daga abin da aka riska daga ciki, kamar yunwa, daga abin da aka jarraba sau da yawa, kamar aikin magani. Duk waɗannan da *ji* malamin zai fassara su ga almajiransa, bai kuwa rikita su ba.

Cikin shidan nan akwai wanda ya ɗan ɓata jerin hawa uku da muka kawo, kuma ya kamata a ambace shi: labarin da ya zo ta bakuna masu yawan da ba zai yiwu su haɗa baki bisa ƙarya ba, watau *mutawatiri*. Misalin da aka saba bayarwa shi ne sanin akwai Makka ga wanda bai taɓa zuwa ba. A nan jin kunne ya hau har ya kai yaƙini. Ana ganin aikin wannan ƙa'ida kowace shekara a daren 29 ga Sha'aban. Bisa mazhabar malikiyya, ganin adilai biyu, ko na jama'a mai yawa, shi ke tabbatar da wata. Sauran mutanen gari duka jiyau ne, da ji suke ɗaukar azumi. Jimlar da ke yawo a daren ita ce *an ga wata*: aikatau na ido, wakilin suna wanda ba ya nuna kowa, ta kunne kuma take isa ga mutane. Gardamar da kan biyo baya wasu shekaru, wannan gari ya ɗauka wancan bai ɗauka ba, gardama ce bisa wane ganau ne ya isa a ji.

A 2015 Lila San Roque da abokan aikinta sun ɗauki hirar yau da kullum cikin harsuna 13, suka ƙirga sau nawa ake zancen kowace ƙofa. Zancen gani ya fi yawa, matsayin sauran kuwa ya bambanta daga harshe zuwa harshe. Hausa ba ta cikin goma sha ukun. Aikin bai fi ƙarfin kundin ɗalibi guda ba: awa biyu ko uku na hira a wata majalisa ta Maraɗi ko Tawa, a rubuta, a ware kowane *ji* bisa ga karɓau ɗin da ya ɗauka, na kunne dabam, na jiki dabam, na zuciya dabam, na miya da riga dabam.